Yadda Ake Gano Matsalar Kuloci a Tsohuwar Mazda MX-5 Kafin a Sauke Giyabos

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar motar tsere ya san faɗuwar gaban da ake ji ranar da aka taka kuloci har ƙasa, aka tura sandar giya, ta ƙi shiga, ko kuma ta shiga da ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Abin da yake fara zuwa bakin mutane a irin wannan lokaci shi ne farantin kuloci ya ƙare, sai a sauke giyabos. Ni kuwa abin da nake son mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne kada ya yarda a kwance ko noti ɗaya na giyabos sai an tabbatar masa, da hujjar da ya gani da idonsa, cewa ciwon a ciki yake. Sau da yawa matsalar tana waje, a cikin wata 'yar roba da ba ta kai girman zoben hannu ba, kuma aikin da za a gama kafin la'asar sai a mayar da shi na kwana biyu.

Zan yi bayanin ne a kan Mazda MX-5 samfurin farko, mai fitilun da ke ɗagowa daga bonet, wadda aka fara nunawa a baje kolin motoci na Chikago a shekarar 1989, aka ci gaba da ƙera ta a Hiroshima har zuwa 1997. A Amurka ana ce mata Miata, a Japan kuwa an sayar da ita da sunan Eunos Roadster. Na zaɓe ta domin tsarin kulocinta a sarari yake, kuma wanda ya fahimce shi zai iya bin sawun matsala a kusan kowace tsohuwar mota mai ja da ƙafafun baya wadda kulocinta ke aiki da mai.

Ga yadda ƙarfin ƙafarka yake tafiya. Idan ka taka fedal, wani siririn ƙarfe yana tura fistin a cikin mastan sama, wanda ke maƙale a bangon da ya raba inji da ɗakin direba, da ɗan tankinsa na mai a kansa. Man ya bi ta bututun ƙarfe da guntun tiyon roba ya isa silindar ƙasa, wadda ke jikin giyabos ta ɓangaren dama. Ita kuma ta tura wani ƙarfe mai baki biyu kamar cokali mai yatsu, shi ya tura boris, boris ya danna yatsun murfin kuloci, murfin ya saki farantin da ya matse a jikin fulawil, wato babban faifan ƙarfe da ke juyawa a bayan inji. A wannan lokacin ne inji da giyabos suke rabuwa. Duk matsalar kuloci tana wani wuri a kan wannan layi, kuma hikimar aikin ita ce a bi shi daga fedal zuwa inji, wato daga mai sauƙi da araha zuwa mai wuya da tsada.

Fara da ba ciwon suna

Kafin ka ɗauki sifana, sai ka tantance wane irin ciwo ne, domin kalmar "kuloci ya lalace" tana ɗauke da cututtuka uku da ba su da dangantaka da juna. Na farko shi ne kuloci ya ƙi saki, wato ka taka amma faranti bai rabu da fulawil sosai ba, giya tana wuyar shiga. Na biyu shi ne ya ƙi kamawa, ka ba da wuta inji ya yi ta kuka amma gudun mota bai ƙaru ba. Na uku shi ne ya kama da karkarwa, motar tana jijjiga lokacin tashi daga tsaye. Akwai kuma ƙara iri-iri, waɗanda zan zo kansu daga baya.

Gwajin farko ba ya buƙatar komai sai kujerar direba. Ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, ka ja hambirki, inji a kashe, ka taka kuloci ka zagaya da sandar giya daga ta ɗaya har ta biyar da ribas. Sannan ka tayar da inji ka maimaita. Idan giyoyin suna shiga sumul a lokacin da inji yake kashe, amma suka ƙi da zarar ya tashi, to giyabos ba shi da laifi, kuloci ne ba ya saki. Idan kuwa ko inji a kashe sandar tana tauri ko tana lilo ba ta san inda za ta ba, ka duba gindin sandar tukuna. A wannan mota sandar giya tana shiga kai tsaye cikin wata 'yar rijiya a saman giyabos, mai ɗan mai a ciki, da bushin na roba mai tauri a ƙasanta da robobin rufi a sama, kuma bayan shekara talatin da wuya ka samu waɗannan ba su yage ko sun narke ba. Wannan gyara ne da ake yi daga cikin mota, ba ruwansa da kuloci.

Gwaji na biyu shi ne na ribas. Inji yana sulo, ka taka kuloci har ƙasa, ka ƙirga uku a hankali, sannan ka sa ribas. Idan ta yi gurnani ko ka ji motar ta ɗan zabura, faranti yana ci gaba da juya sandar giyabos ke nan duk da ka taka. Nan take ka mayar firi, ka yi famfon fedal sau biyar ko shida da sauri, ka sake gwadawa. Wannan ɗan famfon yana da muhimmanci ƙwarai: idan bayan famfon giyar ta shiga lafiya, kusan ka gama bincike, domin iska ce a cikin layin mai ko kuma roba ce ta gaji. Faranti da murfi ba sa gyaruwa don an yi musu famfo.

Gwaji na uku yana buƙatar fili a gabanka, babu mutum babu bango. Sa giya ta ɗaya, ka saki hambirki, ka riƙe kuloci a ƙasa ba tare da ka motsa ƙafa ba, ɗaya ƙafar tana shirye a kan birki, ka jira kamar rabin minti. Idan motar ta fara rarrafe da kanta alhali ƙafarka ba ta ɗago ba, mai yana sulalewa ta gefen roba, ko dai a cikin mastan sama inda yake komawa tanki ba tare da ya zuba waje ba, ko a silindar ƙasa inda yake tsiyaya.

Daga nan sai tanki da fedal

Buɗe bonet ka nemi ƙaramin tankin kuloci, wanda yake dabam da na birki, kusa da shi. Duba yawan man da launinsa. Man birki ne ake zubawa, DOT 3 ko DOT 4, kuma sabonsa garau yake kamar man gyaɗa mai kyau. Idan ka tarar ya yi baƙi kamar shayin da ya kwana, robobin ciki ne suke narkewa a cikinsa, kuma irin wannan mai yana shan danshin iska shekara da shekaru har ya sa tsatsa a cikin silinda. Idan ya ragu, to ya tafi wani wuri, domin ba ya ƙonewa kamar baƙin mai, sai ka nemo inda ya bi. Kada ka zuba DOT 5, wanda na silikon ne kuma ba ya gauraya da waɗancan, kuma ko da wasa kada man inji ko man giya ya shiga tankin, domin zai kumbura kowace roba a layin. Man birki yana cin fenti, saboda haka ka ajiye ruwa da tsumma kusa.

Yanzu ka tura kujera baya, ka kwanta da tocila ka leƙa saman fedal, daidai inda siririn ƙarfen nan ya ratsa bango ya shiga masta. Shafa wurin da yatsa. Idan ka ji danshi mai santsi, ko ka ga fentin bangon ya kumbura ya yi layi zuwa ƙasa, ko kafet ɗin ya jiƙe, mastan sama ne yake zubarwa ta baya. Mutane da yawa ba sa ganin wannan domin suna neman ɗigo a ƙasa ne, alhali kafet yana shanye shi.

Tun da kana wurin, sai ka auna fedal. Littafin gyaran motar ya ba da tsayin fedal daga kafet tsakanin milimita 175 da 185, kuma idan ka danna shi da yatsa a hankali ya kamata ya yi ɗan wasa na milimita 5 zuwa 13 kafin ka ji nauyin kuloci ya fara. A cikin wannan wasan akwai wani ƙarami, na milimita ɗaya zuwa uku, wanda yake zuwa daga tazarar da ke tsakanin siririn ƙarfen da fistin masta. Ana gyara shi ta hanyar sassauta notin da ke kulle ƙarfen, a murza shi ya ƙara tsawo ko ya ragu, a sake ɗaurewa.

A nan ne nake son in tsaya, domin wurin da ake yawan yin ɓarna ke nan da kyakkyawar niyya. Mutum ya ga kuloci yana kamawa can ƙasa kusa da kafet, sai ya yi ta ƙara tsawon ƙarfen har wasan ya ɓace gaba ɗaya, ya ji giya tana shiga, ya ɗauka ya gyara. Abin da bai sani ba shi ne akwai wata 'yar ƙofa a cikin masta wadda mai yake komawa tanki ta cikinta idan an saki fedal, kuma fistin ba ya buɗe ta sai ya dawo baya gaba ɗaya. Idan ƙarfen ya hana shi dawowa, da safe motar za ta yi lafiya, amma bayan tafiyar rabin awa mai ya ɗauki zafi ya buɗe, ba shi da hanyar komawa, sai ya riƙa danna boris da kansa kamar ƙafarka tana kan fedal. Kuloci ya fara zamewa, faranti mai sauran rai ya ƙone, boris ya gaji. Na taɓa ganin wadda aka kawo bayan an sa mata sabon faranti da 'yan watanni, mai ita yana ta zargin kayan jabu ne, da muka leƙa sai muka tarar fedal ba shi da wasa ko na ƙwayar gero. Don haka idan kulocinka yana zamewa ne kawai bayan mota ta yi zafi, ka fara auna wannan wasan kafin komai.

Silindar ƙasa

Wannan ita ce ta fi kowane abu lalacewa a kulocin MX-5, kuma ita ce mafi arha. Ɗaga gaban motar ta ɓangaren dama, ka ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe masu ƙarfi, ka sa waigi a tayoyin baya. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai yake riƙe da ita, ko da na minti ɗaya ne, kuma bulo ba abin dogaro ba ne. Cire tayar gaba ta dama, ka haska ta ramin, za ka hango silindar a jikin giyabos, noti biyu ne suke riƙe da ita, da robar rufi mai lanƙwasa kamar zugazugi a bakinta.

Ja wannan robar baya da yatsa. Ya kamata cikinta ya kasance a bushe. Idan mai ya ɗigo, ko ya zubo maka a hannu, ka samo ɓarawon. Idan a bushe take, ka sa wani ya zauna ya taka fedal a hankali har ƙasa kana kallon sandar silindar. Ya kamata ta fara motsi kusan tare da fedal, ta tura cokalin kimanin santimita ɗaya da rabi, ta tsaya cak muddin ƙafa tana ƙasa. Idan tafiyar ta gaza haka, ko ta fita sannan ta riƙa komawa a hankali, matsalar ta mai ce. Ka kuma riƙe guntun tiyon roba da hannu lokacin da ake takawa, domin tsohon tiyo yana kumbura kamar balan-balan ya shanye ƙarfin da ya kamata ya isa ga cokali, kuma ya fi yin haka idan ya yi zafi.

Ra'ayina shi ne idan ɗaya daga cikin silindun biyu ta mutu, a canza su duka tare da tiyon. Shekarunsu ɗaya, dattin mai ɗaya suka sha, kuma sabuwar silindar ƙasa mai riƙe matsi sosai takan fallasa raunin tsohon masta cikin 'yan makonni. Ana sayar da robobin gyara kaɗai, amma idan ka haska cikin silinda ka ga ramukan tsatsa, sabuwar roba ba za ta daɗe ba. Wajen kwance bututun ƙarfe ka yi amfani da sifana mai rungumar noti, irin ta bututun birki, ka kuma jiƙa wurin da man sassauta tsatsa tun da wuri, domin notin yana da laushi kuma idan kansa ya murje aikin ya ninka.

Bayan an ɗaura sai fitar da iska, kuma yawancin waɗanda suke cewa sun canza komai amma kuloci bai gyaru ba, a nan suka gaza. Cika tanki da sabon mai. Sa siririn tiyo mai haske a kan ɗan notin fitar da iska da ke jikin silindar ƙasa, ɗaya bakin a cikin kwalba mai ɗan mai a gindinta. Abokin aikinka ya taka fedal sau uku a hankali ya riƙe a ƙasa, kai ka buɗe notin kaɗan, mai da kumfa su fita, ka rufe, sannan ka ce masa ya ɗago. Sau da yawa fedal ba zai dawo da kansa ba a farkon aikin, sai ya jawo shi da hannu, kuma wannan ba matsala ba ce. Abin kiyayewa shi ne tsarin: ba a ɗago fedal sai noti yana rufe. Tankin ƙarami ne ƙwarai, bayan kowane zagaye uku ko huɗu ka leƙa ka ƙara mai, domin idan ya ƙafe ya ja iska sai ka koma farko. Bututun wannan mota yana da wani wuri da ya nannaɗe kamar igiya kusa da giyabos, kuma kumfa tana son maƙalewa a can, saboda haka ka ɗan bubbuga shi da gindin sukudireba tsakanin zagaye. Ci gaba har man da ke fita ya zama garau babu kumfa ko ɗaya, sannan ka sake auna tafiyar sandar.

Idan an yi duk wannan, sanda tana tafiya cikakkiya tana tsayawa, amma har yanzu giya ba ta shiga, to yanzu kana da hujjar cewa ciwon a ciki yake. Akwai hali ɗaya da ya cancanci a gwada kafin saukewa. Motar da ta yi watanni a ajiye, musamman ta wuce damina ko ta daɗe a kan ruwa da tashar jiragen ruwa, farantinta yakan manne da fulawil saboda tsatsa. Alamarsa ita ce fedal yana da nauyinsa na kullum amma ko kaɗan kuloci ba ya saki. Ana ɗumama inji a firi, a kashe, a sa giya ta ɗaya, a taka kuloci, a tayar a fili mai faɗi motar ta tafi, sannan a riƙa ba da wuta ana saki ƙafa tana kan kuloci har ya ɓalle. Idan bayan gwaji biyu ko uku bai saki ba, a haƙura a sauke.

Zamewa, karkarwa da ƙara

Gwajin zamewa a kan hanya ake yin sa. Bayan mota ta yi zafi, ka sa giya ta huɗu ko ta biyar, allurar inji tana wajen 2,000 zuwa 2,500, ka taka totur har ƙasa, zai fi kyau a ɗan hawa. A lafiyayyen kuloci allurar inji da ta gudu tare suke hawa a hankali. Idan ta inji ta yi tsalle ta bar ta gudu a baya, faranti yana zamewa, kuma sau da yawa za ka ji wari mai kama da na birkin babbar mota a gangare. Kada ka maimaita gwajin fiye da sau biyu, domin kowane zamewa yana ƙona fulawil. Duk da cewa kuloci mai aiki da mai yana daidaita kansa yayin da faranti ke cinyewa, alamar tsufansa ita ce wurin kamawa ya riƙa hawa sama har ya kai ƙarshen fedal. Idan wasan fedal daidai yake kuma yana zamewa, ko dai faranti ya ƙare, ko murfi ya yi sanyi, ko baƙin mai ya jiƙa shi.

Game da baƙin mai, leƙa ƙasan mahaɗar inji da giyabos. Idan akwai ɗigo, kada ka yi saurin yanke hukuncin cewa oyilsil ɗin bayan kiranshaf ne, wato zoben robar da ke tare mai a bayan inji. A bayan kan injin wannan mota akwai na'urar da ke karanta juyawar kamshaf, tana da zoben roba wanda ya shahara da bushewa, kuma man da yake zubarwa yana gangarowa ta bayan inji har ƙasan giyabos, ya yi kama da na oyilsil sak. Haka ma gasket ɗin murfin saman inji. Zura hannu bayan kan inji idan ya huce, in ka fito da yatsu baƙi ƙirin, ka gyara na sama tukuna, ka wanke, ka yi kwana biyu kana dubawa. Sansana man ma yana taimakawa, domin man giya yana da wari mai kaifi irin na ƙibiritu wanda baƙin mai ba shi da shi.

Karkarwa wajen tashi tana iya zuwa daga faranti mai mai ko fulawil da ya yi tabon zafi, amma kafin nan a duba kujerun inji. Bonet a buɗe, hambirki a ja, wani ya sa giya ta ɗaya ya ɗan ɗago kuloci kana tsaye a gefe, ba a gaban mota ba. Idan inji ya ɗaga gefe ɗaya sosai, robar kujera ta yanke. MX-5 kuma tana da wani dogon ƙarfen alminiyam da ya haɗa giyabos da difarensha, shi ne yake riƙe da bayan giyabos, don haka notinsa da robobin difarensha su ma a taɓa su.

Ƙara kuwa, ƙafarka ce za ta gaya maka mai ita. Idan tana fitowa da zarar ka ɗora ƙafa a kan fedal kaɗan, ta ci gaba har ƙasa, boris ɗin da ke danna murfi ne. Idan ba ta fitowa sai fedal ya kai ƙasa kuma giya tana ciki, musamman idan giyar ma tana wuyar shiga, ƙaramin boris ɗin tsakiyar fulawil ne, wanda hancin sandar giyabos yake zama a cikinsa. Idan ya ƙafe yakan riƙa juya sandar ko da faranti ya saki. Idan kuwa ƙarar tana nan a firi ƙafa ba ta kan fedal, kuma ta ɓace da ka taka, daga cikin giyabos take, sai a fara da duba mansa, wanda yake kimanin lita biyu na 75W-90. Ƙiiƙii mai kama da ƙofar da ba ta sha mai ba, daidai lokacin da fedal ke motsi ko inji a kashe, yawanci bushewa ce a inda sandar silindar ƙasa ta taɓa cokali, kuma ɗan giris ya isa.

Idan saukewa ta zama dole

Cire kan batir mai alamar ragi (-) tukuna, batirin kuwa a wannan mota yana cikin but. Za a cire sandar giya daga ciki, a sauke gaban salansa, a yi wa furofela, wato sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa baya, alama da fenti a mahaɗarta da difarensha kafin a cire domin ta koma yadda take, a kwance dogon ƙarfen alminiyam, kik da silindar ƙasa, sannan notocin da ke zagaye da giyabos. A tsiyaye man giya tun farko, in ba haka ba zai zubo ta baya da zarar an zare furofela. Ƙurar da za ka tarar a ciki kada a hure ta da iska ko da baki, domin tsofaffin faranti suna iya ƙunsar asbestos mai illa ga huhu. A jiƙa ta a goge.

Sassauta notocin murfin kuloci kaɗan-kaɗan, kana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan. Duba farantin: idan fuskarsa ta kusa daidai da kan ribit, wato zurfin da ya rage bai kai milimita 0.3 ba, ya ƙare. Girgiza shi ka ji ko sifirin ɗin tsakiya sun yi sako-sako, domin wanda ya karye yakan faɗo ya maƙale ya hana saki. Duba yatsun murfi ko tsayinsu ɗaya, da cokali ko ya tsage a wurin da yake lilo a kan ƙwallonsa. Fulawil mai tabo shuɗi ko ƙananan tsaga a kai shi a wanke fuskarsa a injin dreba, in ya yi muni a canza. Sa sabon faranti a kan fulawil mai tabo shi ne ke dawo da karkarwa cikin wata guda.

Wajen sayen kaya a lura da injin. Mai lita 1.6 farantinsa milimita 200 ne, mai lita 1.8 da ya zo daga samfurin 1994 kuwa 215, kuma kowane murfi da fulawil ɗinsa yake tafiya. Tsofaffin motoci irin wannan sun sha hannu, wani ya riga ya musanya fulawil ko injin gaba ɗaya, saboda haka a auna tsohon farantin da aka ciro kafin a yi oda, musamman ga wanda kayan za su zo masa daga wata ƙasa ya jira makonni. A canza faranti, murfi da boris biyun a lokaci ɗaya, haka ma oyilsil ɗin bayan kiranshaf tun da ga shi a fili. Ban ga amfanin sa kulocin tsere mai tauri a injin da ba a ƙara masa ƙarfi ba. Ƙafa ce za ta wahala a cunkoso, kuma tashi ba zai yi laushi ba.

Wajen ɗaurawa, farantin yana da gaba da baya, gefen da cibiyarsa ta fi tudu yana kallon giyabos, kuma yawanci an rubuta a jikinsa gefen da ke bin fulawil. Idan aka juya shi, kuloci ba zai saki ba ko kaɗan, sai an sake saukewa. A wanke fuskar fulawil da ta murfi da abin wanke birki domin cire man da aka shafa musu na hana tsatsa. A shafa giris mai jure zafi siriri ƙwarai a haƙoran sandar giyabos, a zura farantin a kai a zare sau biyu, a goge duk abin da ya taru a baki, domin abin da ya yi yawa juyawa za ta watsa shi kan faranti. A tsayar da faranti a tsakiya da sandar saiti, a ɗaure notocin murfi a hankali ana tsallakawa har su kai 18 zuwa 26 a ma'aunin ƙarfin ɗaure noti na Nm, na fulawil kuwa 96 zuwa 103. Lokacin mayar da giyabos, ya shige da hannu har ya haɗu da inji. Idan ya tsaya saura ɗan yatsa, a ɗan juya shi ko a juya sandar baya, kada a jawo shi da noti, kuma kada a bar nauyinsa ya rataya a kan faranti, domin yana lanƙwasa cibiyar.

Kafin ka sauke motar daga ƙafafun ƙarfe, ka zuba man giya, ka mayar da furofela, ka sa giya ta ɗaya inji a kashe, wani ya taka kuloci kai kuma ka juya furofela da hannu. Idan ta juya ƙafa tana ƙasa, ta kuma ƙi da aka ɗago, kuloci yana saki yana kamawa. Sake auna tsayin fedal da wasansa, ka tabbatar wurin kamawa bai gaza milimita 68 daga kafet ba. Kilomita 800 na farko a yi su cikin gari da tashi mai laushi, ba tare da fizga ko riƙe mota da kuloci a kan hawa ba, sannan a sake leƙa tanki da bakin silindar ƙasa a ga ko a bushe suke.